Ɗaki Mai Fanka

SHAFI NA 11

"Ƙarya kake, Tahiru."

"Na ji."

"Kar ka ce mini ka ji. Dube ni. Ka ga gawarshi?"

Ban dube ta ba. Takalman Musbahu nake kallo, a gindin rumbu, inda aka ajiye su tun ranar da na dawo garinmu Agiye ni kaɗai. Har yanzu akwai farin gishiri a jikinsu.

"Abin da na gani na faɗa, Maman Dija."

"Takalmi ka gani. Takalmi da hula. Takalmi na aura?"

Zulai ke nan, matar Musbahu ɗan kawuna. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Yau bayan la'asar manya za su zauna a zauren Kawu Inusa, mahaifinsa. In na ce teku ta ci shi, Liman zai yi mishi salla, ita kuma ta shiga takaba. Ni kaɗai ne shaida.

"Sake faɗa mini," ta ce.

"Na faɗa sau nawa?"

"Wa manya ka faɗa. Ni daga bayan ƙofa na tsinta. Zauna."

Na zauna a kan turmi. Rana ta take, ko kaza ba ta motsi a tsakar gidan.

"Tun daga tasha muke faɗa," na ce.

"Wannan na sani. Kai da tabarmarka."

Haka ne. Ni jakar lakol, ta zuwa makaranta, na goya: tabarmar roba, buta, garin rogo, ƙuli-ƙuli. Tun ina lise, wato sakandare, nake son ganin teku. A tsarina, duk abin da ba mu kashe a kan barci ba zai ƙara mana gari guda a gaba. Kwatano, Lome, in Allah ya yarda har Akra.

Shi kuwa wakensa ya yi albarka a kaka. Da akwati mai taya ya fito, har da turare.

"Ɗan lakol," yake cewa, "ni ban ce otel na ministoci ba. Katifa kawai, da ƙofa mai rufuwa. Yawon buɗe ido muka fito ko horon soja?"

"Barci barci ne."

"A kan benci? Za ka isa teku da ƙusumbi, ta gan ka ta koma."

Ya bi ni dai. A Doso mun kwana a tasha, akwatinsa a ƙarƙashin kai. Mun tsallake kogi a Gaya. A Paraku barandar masallaci, sauro ya yi mishi zane a fuska. A Kwatano zauren zango, mu da fatake, ƙafar wani a haƙarƙarinsa. Kullum sai ya tashi ya sayi shayi da madara kofi biyu, ya miƙo mini ɗaya yana zagina.

"Sai da kuka isa garin nan," Zulai ta ce.

"Sai da muka isa garin nan."

Ƙaramin gari ne gaba da Kwatano, a bakin ruwa. Mun sauka da la'asar. Tun safe ba kuran, ba wutar lantarki a garin, masu sai da ruwan sanyi duk sun rufe. Musbahu ya tsaya a tsakiyar hanya ya saki akwati.

"Yau ko Gwaggo innarka ce ta zo da kanta, ba ni kwana a ƙasa."

Muka bi wani lungu mai yashi. A ƙarshensa gida mai shuɗin fenti, ba allo, ba suna. Ƙofa a buɗe. Muka yi sallama.

Ba a amsa ba. Sai dai aka ce, "Ku shigo."

Da Hausa. Irin Hausar tsofaffin Tibiri.

Tsohuwa ce a kan farar kujera, da zanen Gobirawa a kumatu. Ba ta tambaye mu daga ina ba. Ba ta ba mu ruwa ba. Ta nuna ɗaki da haɓa. Gado biyu, zanin gado fari fat, banɗaki da ruwa mai zubowa daga sama. Musbahu ya tambayi kuɗi. Abin da ta faɗa bai kai farantin shinkafa ba.

Ya juyo yana dariya.

"To, sarkin maƙo. Yanzu mi za ka ce?"

Ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar an daka. Wallahi na so gadon nan.

"Mi ya hana ka?" Zulai ta ce.

"Fanka."

"Fanka?"

"Tana juyawa. Gari duka ba wuta. Ba ƙarar inji. Na dubi bango, ba ko waya."

Na ce mishi mu tafi. Ya ce in tafi ni da tabarmata, mu yi aure a masallaci. Na ce in ya kwana nan, kar ya sake yi mini magana har Agiye. Ya ce ya gode Allah, kunnensa zai huta. Na fita. Ina bakin ƙofa na ji tsohuwar ta tambaye shi wani abu ƙasa-ƙasa. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ba ta amsa. Ban ji mi suka ce ba. Na wuce masallacin zango.

Da hantsi na koma. Tana nan a kujerarta, kamar ba ta tashi ba.

"Ɗan'uwana na zo ɗauka. Musbahu."

"Ba Musbahu a gidan ga."

"Jiya muka zo tare."

"Ba wanda ya kama ɗaki da wanga suna."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta yi murmushi.

"Kai fa, ɗana? Wa ta haihe ka?"

Da baya na fita. Kowa ya san masu tambayar sunan uwa. Ba masu masauki ba ne, masu asiri ne.

Sauran Zulai ta sani. Sarkin zango ya tara matasa. Jandarma sun zo, an buɗe ɗakuna, kowanne a gyare, ba kowa, fanka na juyawa. Daga baya masunta suka kawo takalmi da hula. Aka ce ya je wanka ne igiyar ruwa ta ja shi. Na zauna har guzurina ya ƙare. Na dawo.

"Shi ke nan," na ce.

"Ba shi ke nan ba."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da waya.

"In na kira, a kashe take. Amma saƙon murya na shigowa. Kullum da azahar."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka dawo."

Na miƙe tsaye.

"Kika yi shiru?"

"Shiru? Na kai wa Baba Inusa. Ya kara a kunne ya ce iska ce. Na kai wa Liman, ya ce iska ce, ya ba ni rubutu in sha. Mi kake tsammani ya sa suke gaggawar sallar nan? Cewa suke na fara taɓuwa."

"Wataƙila..."

"Dija tana ji. In na kunna sai ta yi ta dariya tana miƙa hannu. Ita ma ta taɓu?"

Ta danna.

Da farko ƙara ce. Ƙir, ƙir, ƙir. Na san ta. Tsikar jikina ta tashi a cikin wannan zafin. Sai ruwa na ɗiga a wani wuri. Sannan muryarsa, garau, kamar yana bayan rumbu.

"Zulai, kina lafiya? Ya Dija? Ke, in kin ga gadon da nake kai! Na yi wanka har sau biyu. Ɗan lakol yana can sauro na cinshi, Allah ya ƙara. Gobe da safe za mu wuce."

Ta danna na gaba.

"Zulai, sanyi kamar ba bazara. Barci nake ta yi. Gobe da safe za mu wuce."

"Wannan bayan ka dawo ne," ta ce.

Ta tsallake da yawa. Ta danna wani. Muryar ta yi nauyi, kalma na jan kalma.

"Zulai... rana ba ta faɗuwa a tagar nan. Tun da na shigo la'asar ce. Ko agogona ne? Bari dai. Gobe da safe."

Na koma na zauna.

"Ka ji," ta ce.

Na kau da fuska.

"Ka ji, Tahiru. Fuskarka ta faɗa."

"Kashe."

"Saura na yau."

"Na ce ki kashe."

"Na yau naka ne."

Ƙir, ƙir, ƙir. Numfashi kawai.

"Zulai, ki kai wa Tahiru wannan. Taubashi, ka yi haƙuri. Na ɗauki akwati zan fita, ƙofa ta ƙi. Tsohuwa ta ce mai ɗaki shi ke maida makulli. Na ce ai ni ne. Ta ce a'a."

Ya yi wata 'yar dariya, marar daɗi.

"Ka tuna da ta tambaye ni? Suna ta ce, da sunan uwa. Ni kuma ka san ni. Na ce wa zai ba baƙuwa sunan uwarshi? Sai na ce... na ce Tahiru ɗan Lantana. Wasa ne, wallahi. Na ce gobe in ba ka labari mu yi dariya. Ta maimaita sau uku. Ba ta rubuta ba."

Ruwa na ɗiga.

"Ɗakin naka ne, ɗan lakol. Gadonka na nan a gyare, ba wanda ya taɓa. Ta ce ka zo da ƙafarka ka karɓi makulli, ni in fita. Ka zo. Na gaji da hutawa."

Saƙon ya ƙare.

Wani jaki ya yi kuka a bayan gari. Na ji shi kamar daga wata duniya.

Tun muna yara haka yake. In ya tsinki mangwaron mutane aka kama shi, sunansa Tahiru. In ya tare yarinya ranar kasuwa, sunansa Tahiru. Ɗan kawu da ɗan gwaggo, wa zai hana? Har Inna dariya take yi. Ta ce wasan taubasai ne, ba a fushi.

Shi ya sa tsohuwar ta ce ba Musbahu a gidan. Ba ƙarya ta yi ba.

"Sunan Inna ya bayar," na ce.

"Wasa ya yi."

"Sunan uwata, Zulai."

"Na sani! Kana tsammani ban zage shi ba? Na zage shi a wayar nan har muryata ta dushe. Ba ya ji. Nashi kawai ke zuwa."

Ta durƙusa a gabana. Matar yayana, a ƙasa.

"Tashi."

"Ba ni tashi. Ka shiga zauren nan ka ce ka ji. Kai namiji ne, ka yi lakol, ba za su ce ka taɓu ba. Ka ce yana raye."

"In na ce yana raye, sai su ce in je in taho da shi."

"Eh."

"In na karɓi makullin, ni wa zai fito da ni?"

Ta dubi ƙasa.

"Faɗa mana."

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba."

"Ban sani ba, Tahiru. Ba zan yi maka ƙarya ba. Wataƙila ka miƙa mata makulli ku fito tare. Wataƙila..." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ni dai na san in aka yi mishi salla yau, ba mai sake nemanshi. Zai yi ta cewa gobe da safe har Dija ta yi aure."

"Na ce mishi mu tafi. Sau biyu na faɗa."

"Ka faɗa."

"Ni na kwana a ƙasa. Ni sauro ya ci. Shi ya zaɓi katifa."

"Da ka bar shi ya kwana a katifa tun Doso, da ya kai garin nan a gajiye haka?"

Wannan ta shige ni.

Aka kira la'asar.

*

Zauren Kawu Inusa ya cika. Liman a kan buzu. Malam Bubakar, mahaifin Zulai, ya zo tun safe daga Sae Sabuwa a kan babur, ƙurar hanya na nan a gemunsa. Mata suna daga ciki, bayan asabarin ƙofa. Ina ganin ƙafafunsu. Na gane na Inna, da lallen da ya fara gogewa.

An ajiye takalman da hular a tsakiya.

Kawu ya tsufa a 'yan watannin nan. Bai dube ni ba da ya fara magana.

"Tahiru, kai ka fita da shi. Ba mu zarge ka ba, Allah ya sani. Amma yarinyar nan ba za ta zauna a rataye ba. Ba ita ga aure, ba ita ga takaba."

"Haka ne," Malam Bubakar ya ce. "Ɗiyata ba ta barci. Waya take runguma."

Asabari ya motsa. Hannun Zulai ya shigo, ya ajiye wayar a ƙasa, ya tura ta.

"Baba, a kunna a gabanshi. Sau ɗaya. In ya ce bai ji ba, na haƙura."

"Zulai," mahaifinta ya ce.

"A bar ta," Liman ya ce. "Haƙƙinta ne."

Ya ɗauki wayar ya miƙo mini, don shi bai iya ta ba. Na duba. Akwai sabon saƙo. Yanzu ya shigo. Bai taɓa zuwa da la'asar ba.

Na danna. Na ajiye kusa da takalman.

Ƙir, ƙir, ƙir.

Iska mai sanyi ta taɓa mini wuya. A zauren da ba taga.

"Taubashi," Musbahu ya ce. "Na san kana zaune. Ina jin warin zauren Baba."

Na dubi Kawu. Idonsa a kan wayar, fuskarsa ba ta canza ba. Liman na jan carbi. Malam Bubakar ya girgiza kai a hankali.

"Ba zan sake ba, wallahi. In muka fito, duk inda ka ce mu kwana, nan za mu kwana. Ko kan juji. Ni zan goya tabarmar." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ta shigo ɗakin, Tahiru. Ba ta taɓa shigowa ba. Tana zaune a kan gadonka. Ta ce ɗaki ba ya zama ba mai shi. Ta ce suna biyu aka ba ta."

A bayan muryarsa wata murya ta fara. Ƙasa-ƙasa, a hankali, kamar mai rarrashin yaro. Kalma ɗaya take maimaitawa.

Liman ya ɗaga kai.

"To, Tahiru. Mu dai iska muke ji. Kai fa? Tsakaninka da Allah."

Na ga gadon nan fari a idona. Na ga tagar da rana ba ta faɗuwa. Na ga ƙofar ta rufe, Musbahu a waje da akwatinsa, yana cewa yanzu zai dawo.

Bayan asabari Zulai ta daina numfashi. Na ji ta daina.

"Iska ce," na ce.

"Ɗaga murya."

"Iska ce, Malam. Ban ji komai ba."

Wani sauti ya fito daga bakin Zulai. Ba kuka ba ne. Kawu ya sunkuyar da kai, hawaye ya bi gemunsa. Liman ya ce innalillahi, ya fara naɗe hannun riga.

"To a tashi a yi alwala."

Wayar ba ta mutu ba. Na miƙa hannu zan kashe.

"Dakata."

Asabari ya ɗage. Inna ce. Ba ta taɓa shiga zaure da maza a ciki ba, tunda nake. Ta shigo ba takalmi, ta ja mayafi ta rufe kafaɗu kamar mai jin ɗari.

"Iska wace iri, Yaya?" ta ce wa Kawu. "Ga Musbahu nan yana magana. Tun ɗazu yake roƙon ɗan'uwanshi."

Ba wanda ya motsa.

Ta juyo ta dube ni. Ba fushi a idonta. Da ma fushi ne, da ya fi mini sauƙi.

Sannan ta karkata kai wajen wayar, ta saurara. Gefen mayafinta na kaɗawa a hankali, kamar akwai abin da ke juyawa a saman kanta.

"Tahiru," ta ce, "wace ce wannan da ke kiran sunana?"